Randunan Kawu

Ranar da muka dawo daga binne Kawu, abin da ya fi tsaya wa masu gaisuwa a rai shi ne randunan ƙofar gida. Duk wanda ya iso, kafin ya nemi tabarma, ƙafarsa ce za ta fara kai shi gindin dogon yaron nan, hannunsa na laluben moɗa kamar yadda ya saba. Sai ya tarar da randunan uku a kife, gindi sama, yashin da aka dasa su a ciki ya bushe ƙayau. Ya yi turus, ya dube mu, ya dubi randunan, sannan ya tuna abin da ya kawo shi ya ce Allah ya jiƙan rai. Mu kuwa muna ta miƙa ruwan leda, a gidan mutumin da bai taɓa bari a sha ruwan leda a ƙofarsa ba.

Wani tsoho da suka yi noma tare da Kawu a fadamar Kwalkwalawa ya karɓi ledar, ya yi ta juya ta a hannu, bai fasa ba. Ya ce da ni, "Tun ina da ƙarhina nika shan ruwa wuringa. Yau da mai ruwa yat tahi, yau anka kihe su? Wa yay yi wanga aiki?"

Na ce, "Haƙuri za a yi, Baba." Ban gaya masa ba.

Kowa kuma ya zo da nasa bayanin mutuwar, kamar tare da su aka yi jinyar. Wannan ya ce shawara ce ta shiga jini, wancan ya ce ai tun bara ya ga idon Kawu ya sauya. Da wani ya ji an ambaci sauro, sai da ya sunkuyar da kai ya danne dariya. Ya ce, "Sauro? Haba dai. Sauro ba shi kashe babba, sai dai jinjiri." A cikin gida abin ya fi muni. Na shiga ɗauko tabarma na ji wata dattijiya tana raɗa irin wadda kowa ke ji: "Ƙodat ta taƙ ƙi shi. Dama an ce ba ta daɗewa." Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana zaune kusa da ita da carbi a hannu. Ita ce mai ƙodar da ake magana, ita ta ba Kawu aka dasa masa. Ta ji sarai, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

To ni zan faɗa, tunda a gabana aka yi komai. Ƙodar ba ta ƙi shi ba. Sauro ne, kuma Inna ce ta kife randunan da hannunta tun yana kwance a asibiti. Shi kuwa maganarsa ta ƙarshe da muka iya ganewa ita ce kada a bar randunan nan su bushe. Haka ya tafi ya bar ta tsakanin wasiyyar ɗan'uwanta da abin da idonta ya gani a cikin ruwan. Na rubuta wannan ne don kada a manta da shi, kuma don kada a ci gaba da ɗora wa Inna abin da ba ta yi ba, alhali wanda take ɗauke da shi ma ya ishe ta.

Kawu yayan Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Iyayensu sun rasu tana ƙarama, shi ya riƙe ta. Da mahaifina ya rasu, shi ya zo da kansa ya kwaso mu zuwa gidan nan na kusa da Hubbare. Allah bai bar masa ɗa ba, matarsa ma ta riga shi, don haka mu ne nasa. Akwai labarin da su biyun ba su taɓa yarda da juna a kansa ba, na shekarar da gulbi ya cika ya shanye hanyar gona, ya ɗora ta a wuya ya ratsa ruwan da ita. Inna ta ce saura kaɗan ya kayar da ita don garaje. Shi ya ce ita ta cije shi a kunne, har ya karkato kai ya nuna wani tabo da ni dai ban taɓa ganinsa ba. Sun tsufa suna wannan musun.

Manomin shinkafa ne da albasa, amma ba da noma aka san shi a unguwa ba. Mahaifiyarsu ce ta fara ajiye randa ɗaya a ƙofar gida saboda masu ziyarar Hubbare, waɗanda ke tahowa a ƙafa daga tasha cikin rana, wasu daga ƙauyuka, wasu daga Nijar. Kawu ya gaje ta ya ƙara biyu. Wanda ya san zafin Sakkwato a bazara ya san abin da randa mai sanyi take nufi. Idan ka yi masa sallama yana wurin, ba zai biye maka da gaisuwa ba. Zai amsa sallamar, ya nuna moɗa da haɓa, ya ce, "Sha, kana mu gaisa." Ko ba ka jin ƙishi sai ka kurɓa, in ba haka ba ranar ba za ka ji lafiyar iyalinsa ba.

Yana da dokoki a kan randunan nan da ba ya sassautawa. Ba a bari randa ta ƙare har a ga gindinta. Da ruwa ya yi rabi sai a ƙara sabo a kan tsoho. Ya ce randar da ta bushe sau ɗaya ba ta ƙara sanyi kamar da. Ba a dirje cikinta, don ɗanɗanon ruwan a jikin tsohuwar randa yake. Faifai yake rufe su da shi, amma masu sha su ɗaga su manta, iska ta ɗauke, shi kuma bai cika damuwa ba. A gefe akwai kasko da yake zuba wa tsuntsaye da akuyoyin maƙwabta. Wani lokaci ka leƙa randar ka ga wasu 'yan ƙananan tsutsotsi suna wutsil-wutsil a ciki. Ina yaro na nuna masa, ya ce, "Ɗiyan ruwa na. Ruwan da ad da guba ba su zama ciki nai." Ya ɗauko farin ƙyalle ya tace wanda za a sha. Haka muka taso muna gani, kuma ba mu kaɗai ba, duk unguwar haka ake yi.

Sau ɗaya na ga ya yi faɗa a kan ruwan. Cikin azumi ne, wani maƙwabci mai zafin wa'azi ya zo ya ce bai dace a bar randuna a buɗe da rana ba, ana sa mutane cikin jarrabawa. Kawu yana azumin shi ma, leɓɓansa sun tsage. Ya ce, "Matahiyi hwa? Mai ciki hwa? Maras lahiya hwa? Ni ba alƙali na ba, mai ruwa na." Ana cikin haka wata mata ta iso da jaka a ka, tana tangaɗi don zafi. Malamar makaranta ce, Kirista 'yar Filato, ranar ta fara sauka garin, an ba ta ɗaki a gidan da ke kallon namu. Ta tsaya nesa tana kallon randar, ta san azumi ake, kunya ta hana ta. Kawu ya ɗebo da kansa ya kai mata, ya juya baya don ta sha a sake. Tun daga ranar Baba take kiran sa. Ranar rasuwarsa ita kaɗai ce ta yi kuka da ƙarfi, har mata suna ba ta baki suna cewa ba a yi wa mamaci haka.

Ciwon ƙoda ya zo masa a hankali, ƙafafu suka fara kumbura, sannan fuska. Aka shiga wankin ƙoda, mutumin da ke wuni a fadama ya koma wuni a kan gado da robobi a hannu. Da likitoci suka kawo maganar dashe aka gwada mu, ta Inna ce ta dace. Ya ce atafau bai yarda ba, ba za a yanka ƙanwarsa saboda tsohon da ya ci zamaninsa ba. Inna ba ta roƙe shi ba, don ba ta iya roƙo ba. Cewa ta yi, "Yaya, ba kyauta nika ba ka ba. Ajiya ta. Ni ad da abuna, kai riƙo kawai za ka yi." Sai ya ce in ajiya ce ya karɓa.

Aka yi aikin, Allah ya ba da sa'a. Amma kafin a sallame su likita ya zaunar da mu ya yi mana bayanin da ya sauya zaman gidanmu. Ya ce jiki ba ya son baƙo, zai yi ta yaƙar sabuwar ƙodar har ya kashe ta. Don haka Kawu zai sha magunguna har ƙarshen rayuwarsa, masu kwantar da garkuwar jiki don ta ƙyale ƙodar. Illar ita ce garkuwar da aka kwantar ba za ta tashi da ƙarfinta ba ko da cuta ce ta shigo. Abin da zai kwantar da wani 'yan kwanaki ya tashi, shi yana iya tafiya da shi.

Inna ta riƙe wannan magana da hannu biyu. Ta hana shi shiga taron biki, ta hana shi cin abincin waje, ta hana shi gaisawa da mai tari. Ruwan shansa dafaffe ne, a cikin gida, ba daga randa ba. Sauro kuwa ta ɗaura yaƙi da shi. Gidan sauro sabo mai magani, raga a taga, kafin magariba an fesa ɗaki an rufe. Kwatar bayan gida ta sa aka gyara, duk wani ruwan ƙazanta da ke kwance a lungu ta sa aka cike shi da ƙasa. Idan ya yi ƙorafi sai ta ce, "Ba kai nika tsaro ba, ƙodata nika tsaro." Shi kuma idan baƙi suka tambayi jiki sai ya dafa mararsa ta dama inda aka sa ta, ya ce, "Mai ɗaki tana lahiya, mai gida na ag ga wahala."

Fadama ce ta zama babban rikici. Inna ta ce ba shi ba Kwalkwalawa, wurin da sauro ke tashi kamar hayaƙi. Ya yi fushi irin wanda ban san yana da shi ba, ya daina cin abincinta na wani lokaci, ya ce gara a mayar da shi kan injin wankin ƙoda da a mayar da shi mace mai takaba. Ba ta janye ba. Aka ba wani ɗan'uwa gonar ya riƙa nomawa. Kawu ya koma zaman ɗaki, yana ramewa ba ciwo, ba ya ko sauraron rediyo.

Inna ce ta samo mafita, kuma wannan ne wurin da ke ci mata rai har yau. Wata safiya ta sa na fitar da kujerarsa gindin dogon yaro, kusa da randuna. Ta ce, "Ga gonarka nan, Yaya. Da sahe ka zamna har rana ta take, da la'asar ka komo har a kira magariba. Kada dare shi iske ka waje." A lissafinta babu wurin da ya fi nan aminci a duk Sakkwato: iska a buɗe, ruwa mai tsabta, kuma da rana tsaka, lokacin da kowa ya san sauro ba ya cizo. Ni ma haka na sani. Malaman asibitin unguwa da ke rabon gidan sauro ma dare suke ta jaddadawa.

Kawu ya farfaɗo a kan kujerar nan. Ya yi ƙiba, dariyarsa ta dawo. Yana zaune da wando a naɗe zuwa gwiwa, ƙafafu a kan yashi mai danshi, yana umartar duk mai wucewa ya sha. Shekarun nan su ne mafi daɗi da na gan shi a ciki, ba zan ɓoye wannan ba ko da na san ƙarshensu.

A ƙarshen daminar da ta wuce wani zazzaɓi ya ratsa unguwar. Ni ya fara kamawa, sannan Malama maƙwabciyarmu, sannan mai facin da ke bakin titi. Ciwon kai ne ta bayan ido, da ciwon gaɓoɓi kamar an yi maka duka. Muka ce maleriya ce mai taurin kai, muka sha magani, muka kwanta, muka tashi. Da ya zo kan Kawu jikinsa bai ko yi zafin kirki ba, ɗumi ne kawai. Daga baya aka gaya mana magungunan nasa ne ke danne zazzaɓin, amma a lokacin hamdala muka yi cewa nasa mai sauƙi ne. Shi kuma ya ɓoye sauran. Ba ya son Inna ta ga kamar bai riƙe ajiya da kyau ba, don haka ya ce gajiya ce. Duk da haka ta kai shi aka duba jini, ba a ga maleriya ba, aka ce a sa ido. Ɗumin ma ya sauka, har ya nemi fura.

Washegari da hantsi yana kan kujerarsa yana goge haƙora da asuwaki, na ga asuwakin ya yi ja. Ya tofar, jini ne. Ya sa ƙafa ya tura yashi a kai, yana tsammanin ban gani ba. Kafin azahar cikinsa ya murɗa, ya fara amai, hannuwansa suka yi sanyi.

A babban asibiti aka sake gwaji, likitar da ta karɓe mu ta ce zazzaɓin dengi ne. Ban taɓa jin sunan ba. Ta ce ba maleriya ba ne, ƙwayar bairas ce, maganin maleriya ba ya taɓa ta, kuma babu wani magani da ke kashe ta kai tsaye. Jiki ne ke yaƙar ta da kansa, su nasu su tallafa da ruwa da jini. Ta ce ƙwayoyin da ke tsayar da jini sun ragu ƙwarai a jikinsa, shi ya sa yake zuba. Inna ta ce, "Likita, wanga mutum bai taɓa kwana ba gidan sauro ba. Ni ka ɗaura shi da hannuna."

Likitar ta ce, "Na yarda, Hajiya. Amma wannan wani sauro ne daban. Baƙi ne mai zanen fari a ƙafafu, kuma da rana yake cizo, musamman da safe da kuma yamma kafin faɗuwar rana. Ba ya son kwata. A ruwa mai tsabta yake ƙwai, irin wanda ake ajiyewa a randa ko duro ba a rufe ba. Ƙwan yana manne wa jikin randar, sai an dirje yake fita. Kuna ajiye ruwa a gida?"

Na juya wajen Inna. Na ga hannunta ya kama ƙarfen gadon. Likitar ta lura, ta yi saurin cewa ba wanda zai iya rantsuwa a kan inda aka cije shi, sauron yana ko'ina a gari. Gaskiya ta faɗa, amma Inna ta riga ta daina ji.

Sai aka zo maganar da ta fi wuya. Likitar ta ce suna so su rage magungunan da ke kwantar da garkuwarsa, ko jikin zai samu ƙarfin yaƙi. Amma idan garkuwar ta tashi, tana iya juyawa kan ƙodar. Matar da ta shekara da shekaru tana cewa ƙodarta take tsaro ba ta ko numfasa ba. Ta ce, "Ku rage. Ku ɗauke su duka. Ƙodag ga ta lalace, ku bar mani mutum."

Kawu da muke zaton barci yake ya buɗe ido. Ya ce, "A'a. Ajiya ta. Ba a taɓa ta."

Ta ce, "Ni ad da abuna, na yahe."

Ya ce, "Ni ban yahe ba."

Suka yi ta yi, shi da muryar da ba ta fita, ita tana kuka tana masifa, har likitar ta ce wannan hukuncin nasu ne su likitoci, za su rage daidai yadda suka ga zai yiwu. Wannan ne faɗansu na ƙarshe.

Da la'asar Inna ta ce in kai ta gida ta ɗauko kaya. Ba ta shiga gidan ba. Ta wuce gindin dogon yaro ta ɗaga faifan da ya rage, ta leƙa. Suna nan, ɗiyan ruwan Kawu, suna wutsil-wutsil. Kaskon tsuntsaye ya fi cika da su. Tana tsaye wani ya sauka a bayan hannunta, ta ɗago shi daidai idonta tana kallo, baƙi mai zanen fari, har ya sha ya tashi ba ta kashe shi ba. Sannan ta ɗauki moɗa ta fara kwashe ruwan tana watsarwa a titi. Na ce ta bari in yi, ta ture ni. Mace mai ƙoda ɗaya, mai ciwon baya, ita kaɗai ta girgiɗe randunan daga cikin yashi ta kife su. Kaskon ta ɗaga ta maka da ƙasa.

Kawu ya ƙara kwanaki kaɗan. An ƙara masa jini, an yi duk abin da za a yi, amma yana shiga yana fita. Ranar ƙarshe da safe hankalinsa ya dawo sarai. Ya dubi Inna ya ce, "An cika randuna?" Ta sunkuyar da kai. Ya gane, don ya ji duk abin da likitar ta faɗa. Ya ce, "Ruwa ba su yi laihi ba. Ke ma ba ki yi ba. Ni nac ce ɗiyan ruwa na." Ya huta, ya ce, "Kada ki bari su bushe. Mutane na tahowa da nisa." Ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba. Bayan azahar ya cika, da kalmar shahada a bakinsa gwargwadon yadda muka iya ji. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Likitar ta gaya mini ƙodar ta yi aiki har sai da jinin jikinsa ya kasa kai mata.

Da muka dawo daga maƙabarta na shiga wurin Inna. Ta san amsar, amma ta tambaya: "Bisa dama kunka kwantar da shi?" Na ce e, kamar kowane Musulmi. Ta ce, "Nan anka sa ta." Ta kai hannu ta dafa gefen cikinta inda tabon aikin yake.

Aka share makoki, randuna na kife. Ni ra'ayina a fasa su kowa ya huta, kuma na faɗa mata. Haushi nake ji, na sauron, na masu dariyar sauron, har da na Kawu da dokokinsa. Ina fita aiki Sama Road in dawo in tarar da masu ziyara sun tsaya gindin bishiyar suna dube-dube, su wuce da ƙishinsu. Inna tana jin takunsu daga zaure. Ta daina barci sosai, ta daina cin kirki. Idan ta cika randunan, tana ganin ta koma yi wa abin da ya kashe ɗan'uwanta hidima. Idan ta bar su, ta ci amanar wanda bai ci tata ba. Malama tana shigowa kullum bayan makaranta, ta zauna kusa da ita. Sau ɗaya kawai na ji ta ce, "Mama, Baba bai ce a yi yadda yake yi ba. Cewa ya yi kada su bushe."

Wata Juma'a da sassafe ƙarar dirza ta fito da ni. Inna ce a durƙushe a ƙofar gida, hannunta har kafaɗa a cikin randa, tana dirje ta da soso da toka. Ta dirje ukun har sai da jan yumɓu ya fito, yatsunta suka sale. Ashe ta riga ta sa kafinta ya yi murafai na katako masu nauyi, kowanne da ƙyalle a ƙasa. Ta karya dokokin Kawu ɗaya bayan ɗaya a gabana. Ta ce duk 'yan kwanaki za a juye ruwan har a ga gindi, a dirje, a sake sabo, ko da ruwan bai ƙara sanyi ba har abada. Kasko kuwa babu shi. Aka cika randunan, ta sa safa har gwiwa, ta ja kujerarsa ta zauna. Allah ya jiƙan Kawu, ya shayar da shi kamar yadda ya shayar, ya ba Inna haƙurin da ni ban samu ba tukuna.

Wanda ya fara zuwa baƙo ne, wani dattijo da sanda da ƙullin kaya, da ganin ƙafafunsa ya sha hanya. Bai san gidan ba, bai san an yi rasuwa ba. Ya ɗaga murfin da ƙyar, ya ɗiba, ya tsuguna ya sha, ya ƙara. Ya goge gemu, ya ɗaga hannu ya ce, "Allah shi ba mai ruwanga tsawon kwana."

Ban iya cewa amin ba. Na dubi Inna, idonta a kan randar. Dattijon ya aza murfin a karkace, ya ɗauki sandarsa ya kama hanyar Hubbare. Ya yi 'yar tafiya sai ta miƙe tsaye.

Ta ce, "Malam! Komo ka ruhe."